Sharhi kan wani ofishin lissafin haraji a Sakkwato da irin mutanen da yake fama da su

A cikin birnin Sakkwato akwai ƙananan ofisoshi na akantoci masu zaman kansu waɗanda sana'arsu ita ce shirya wa 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni takardun haraji, kuma a kan ɗaya daga cikinsu nake son yin wannan sharhi, domin shi ne yake riƙe da lissafin ƙaramin kamfaninmu na sayar da kayan gini. Ofishin yana bene a wani ginin shaguna da ba shi da nisa da babbar kasuwa, ɗakuna biyu ne kacal, kuma ma'aikatansa su ne mai wurin, wanda akanta ne mai rajista, da wasu matasa da suke taimaka masa da aikin kwamfuta. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, saboda cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai suka, akwai kuma halayen wasu bayin Allah da ba su ba ni izinin tona su ba. Hukuncina a kansa shi ne aikinsu yana da inganci kuma akwai gaskiya a cikinsa, amma haƙurin da suke yi da abokan hulɗa masu wuyar sha'ani, wanda shi ne babban abin yabonsu, shi ne kuma tushen mafi yawan jinkirin da mai shiryayyun takardu yake gamuwa da shi a wurinsu.

Abu na farko da suke yi wa sabon zuwa shi ne su fayyace masa inda harajinsa yake tafiya, kuma wannan kaɗai ya isa a biya su lada, domin mutane da yawa suna shekaru cikin kasuwanci ba su san bambancin ba. Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana biyan harajin ribarsa ne ga gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar da aka daɗe da sani da FIRS, wadda ta koma NRS bayan sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025. Wanda kuwa ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, ko yake sana'a da sunansa, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato ce take da hakki a kan harajin samunsa, haka ma harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata mazauna jihar. Sun liƙa jadawalin wa'adi a bango inda kowa zai gani: harajin albashi zuwa ranar 10 ga watan da ya biyo baya, bayanin harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, zuwa ranar 21, bayanin shekara na masu ɗaukar ma'aikata zuwa 31 ga Janairu, na ɗaiɗaikun mutane zuwa 31 ga Maris, na kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Tun da muka ba su aikinmu wa'adi bai taɓa kuɓuce mana ba, domin tun saura kwanaki suke fara kiran waya.

Inda ake gane ƙwarewar mai ofishin ba a sanin waɗannan ranaku ba ne, a'a, a yadda yake warware lissafin ɗan kasuwar da bai taɓa ajiye littafin ciniki ba. Irin wannan mutum yakan shigo da leda cike da rasit, wasu sun koɗe saboda zafi har ba a iya karanta su, wasu kuma an rubuta lambar waya ko lissafin cefane a bayansu, ya ajiye a kan tebur yana tambayar ko zai iya dawowa da la'asar ya karɓi takardunsa. Babbar matsalar ma ba ledar ba ce, asusun banki ne. A asusu ɗaya kuɗin siminti da kwano suke shiga, a nan ne gudummawar bikin 'yarsa ta shiga, a nan ɗan'uwansa da yake ci-rani ya turo kuɗin ajiya, a nan kuma aka biya shi kuɗin shanun da ya sayar a kasuwar Kara. Shi a ransa ya san wane kuɗi ne nasa da wanda ba nasa ba, amma jami'in haraji da zai duba bayanan asusun ba shi da wannan sani, kuma duk abin da ya shiga yana iya ɗaukarsa a matsayin ciniki matuƙar ba a kawo hujjar da ta nuna akasin haka ba. Saboda haka sai mai ofishin ya zaunar da mutum su bi bayanan asusun layi bayan layi, yana tambaya, mutumin yana amsawa rabi da rabi, wani lokaci yana jin haushin cewa ana bincikar sirrinsa. A irin wannan hali ne nake jin mai ofishin yana cewa cikin murmushi, Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lamarin ya fi tsanani ga masu fataucin albasa da hatsi da dabbobi waɗanda suke hulɗa da Jamhuriyar Nijar ta iyakar Illela, domin wani ɓangare na cinikinsu da sefa ake yinsa, hannu da hannu, kuma mafi yawan bashin da suke bayarwa ko suke karɓa a kan amana yake, babu ko layi ɗaya a rubuce. Abin da ofishin yake yi musu shi ne ya ba su littafi mai sauƙin tsari, shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, da gurbin rubuta farashin canji na ranar, sannan ya nemi a haɗa shi da yaron shago ko ɗan mai dukiyar da ya yi makaranta domin ya koya masa cikawa. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, saboda sun fahimci cewa dattijon da ya shekara talatin yana riƙe lissafi a ka ba zai sauya ɗabi'arsa don wani akanta ya faɗa ba, amma zai yarda ɗansa ya riƙa rubutawa.

Akwai kuma masu zuwa da buƙatar a rage musu adadi, waɗanda a ganinsu amfanin biyan akanta ke nan. Sukan fara da zolaya, su ce ai Malam shi ne likitan lamba, daga nan su sauko kan maganar kai tsaye, cewa a rubuta rabin cinikin a bar rabi. Ban taɓa ganin ya amsa wannan buƙata ba, kuma ban taɓa ganin ya ci mutuncin mai yin ta ba. Yakan bayyana cewa sunansa da hatiminsa ne za su hau takardar, cewa ƙungiyoyin sana'arsu irin su CITN da ICAN da ANAN suna iya ladabtar da ɗansu idan ya sa hannu a kan ƙarya, kuma idan bincike ya zo, mai dukiyar ne zai biya abin da ya ɓoye tare da tara da kuɗin jinkiri. Bayan haka sai ya juya ga hanyoyin sauƙi da doka ta halatta, waɗanda galibi mutumin bai san da su ba: hayar shago, albashin yara, kuɗin mota da dako, man janareta, rangwamen da ake samu a kan kayan aiki masu daɗewa kamar babbar mota, da harajin da aka riga aka tsakure daga kuɗin kwangila tun kafin a biya mutum. Sau da yawa idan aka tattara waɗannan da hujjojinsu, abin da ya rage na biya bai kai abin da mutumin yake tsoro ba. Duk da haka wasu sukan kwashe takardunsu su tafi inda za a yi musu yadda suke so, kuma ba ya riƙe su.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa a garinmu ita ce ta wanda zai ce shi ya riga ya fitar da zakka, saboda haka bai ga dalilin da zai sa a sake taɓa dukiyarsa ba. Mai ofishin ba ya shiga muhawarar da ba fagensa ba ne, yakan ce wannan tambaya ce ta malamai, shi abin da ya sani shi ne dokar ƙasa ba ta ɗauke wa kowa shigar da bayanan haraji saboda ya fitar da zakka ba. A ganina wannan ita ce amsar da ta dace da matsayinsa.

'Yan kwangila su ne suka fi tayar da hankalin ofishin. Takardar shaidar biyan haraji, wadda ake nema kafin a ba mutum aikin gwamnati, tana nuna shekaru uku da suka gabata ne, amma ɗan kwangila ba ya tunawa da ita sai ya ga sanarwar neman tayi kuma wa'adin rufewa ya matso. Sai ya zo a gurguje, ga kamfanin da aka yi wa rajista aka jefa takardunsa a durowa, ba a taɓa shigar da bayanin ko shekara ɗaya ba, yana cewa ai kamfanin bai yi aiki ba, don haka babu abin da ake binsa. Dole a fahimtar da shi cewa rashin ciniki ba ya ɗauke wajabcin shigar da bayani, kuma ko a ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2019, wadda ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sai wanda ya shigar da bayanansa ne ya ci moriyar yafiyar cikin kwanciyar hankali. A sabuwar doka kuwa tarar jinkiri naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Idan aka lissafa masa abin da ya taru, fushinsa a kan akantan yake sauka, kamar shi ne ya rubuta dokar. Na ga wanda ya ɗaga murya har masu shagunan ƙasa suka leƙo, mai ofishin kuwa bai ce masa komai ba sai da ya huce, sannan ya sa aka kawo masa ruwan sanyi suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Wani tsari nasu da ya cancanci yabo shi ne ba sa karɓar kuɗin haraji a hannunsu. Sukan fitar wa mutum lambar biya, ya je banki ko ya biya ta wayarsa kai tsaye zuwa asusun gwamnati, ya kawo shaida, ladan aikinsu kuma daban ake biya a ba da rasit. Wannan ya toshe ƙofar zargin da ya ɓata sunan masu wannan sana'a a idon mutane da yawa, wato a ba mutum kuɗin haraji ya cinye rabi. Ladan nasu bai yi tsada ba idan aka dubi yawan aikin, ko da yake sai an yi ciniki, kuma da za su rubuta farashin kowane aiki su liƙa kusa da jadawalin wa'adi da sun huta da masu cewa ai danna kwamfuta kawai aka yi.

Sukar da nake da ita a kansu tana da nauyi, kuma ta farko ita ce rashin sirri. Duk abin da na ba da labarinsa a sama na ji shi ne ina zaune a kan bencin jira, domin ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu a buɗe take saboda zafi, kuma babu shakka wasu ma sun ji nawa lissafin kamar yadda na ji nasu. A gari irin Sakkwato, inda kusan kowa ya san kowa a kasuwa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga ofishin da mutane suke buɗe masa cikinsu. Ta biyu ita ce babu tsarin ba da lokaci, wanda ya fi surutu ko ya fi girma shi ake fara saurara, sai ka ga mutumin da ya zo da takardunsa a jere cikin fayil, wanda aikinsa ba zai ɗauki rabin sa'a ba, yana jira har azahar saboda ana lallashin wanda ya zo da leda. A watan Maris da watan Yuni abin yakan kai ga ba a ɗaukar waya. Ta uku kuma komai ya rataya a wuyan mai ofishin, idan ya yi tafiya ko ya tafi ofishin hukuma bin wata takarda, matasan ba sa iya yanke hukunci a kan ko da ƙaramar tambaya. Matsalar wuta da ta intanet, musamman idan shafin hukuma ya cushe a ranakun ƙarshe na wa'adi, ba laifinsu ba ne, kuma sun sa sola ta rage musu ita.

Lokacin da sabuwar doka ta fara aiki a Janairun 2026 sun yi abin kirki, domin jita-jita ta cika WhatsApp cewa duk kuɗin da ya shiga asusun mutum za a cire masa haraji, har wasu suka fara tunanin daina amfani da banki. Sun riƙa bayyana wa masu zuwa cewa a kan samu da riba ake biyan haraji, cewa naira 800,000 ta farko a samun mutum na shekara babu haraji a kanta, kuma mai zaman haya yana da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000. Da sun rubuta wannan bayani da Hausa a takarda ɗaya sun raba, da ya fi maimaita shi da baki ga kowane mutum.

Ga mai ƙaramin kamfani ko shago da yake son lissafi na gaskiya, ina ba da shawarar irin wannan ofishi ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya buɗe wa kasuwancinsa asusu na daban, ya riƙa kai takardunsa wata-wata, kuma ya je da sassafe tun kafin 'yan kwangila su cika bencin. Idan maganarsa ta sirri ce, ya nemi a rufe ƙofar kafin ya fara.