Gargaɗi ga masu gini: a kula da rodin da aka rage wa kauri

Jama'a, duk mai gini a hannu ya buɗe ido. Akwai dillalan da ke kawo rodi su ce mai milimita 12 ne, alhali in an auna bai wuce 10 ba, wani lokaci ma da haɗin bakin ɗan kwangila, su raba rarar kuɗin. Da ido ba kowa zai gane ba. Amma fa faɗin bakin rodi mai 12 ya kai murabba'in milimita 113, na mai 10 kuwa bai cika 79 ba. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen an cinye ke nan.

Abin yana tayar mini da hankali saboda aikin da rodin nan ke yi. Bim, wato dogon kankaren da ke kwance kan fila (ginshiƙi) biyu, in nauyi ya hau shi, yakan ɗan lanƙwasa: samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa, kuma abin ya fi tsanani a tsakiya. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma in ana jansa, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Rodin da ke ƙasa shi ke riƙe wannan ja. In ya yi siriri, tsaga za ta faro daga ƙasan tsakiya ta miƙe sama.

Cuta ta biyu ta fi muni, wato rage ring, ƙananan rodin da ake lanƙwasawa su zagaye dogayen rodin cikin bim. Kusa da fila akwai ƙarfin da ke neman datse bim, shi ya sa injiniya ke matso da ring kusa-kusa a can. Macuci sai ya ware su, ko ya tsallake wasu, ya zuba kankare ya rufe. Tsagar irin wannan a karkace take fitowa, wajen digiri 45, kuma bim na iya karyewa farat ɗaya, mutane na zaune a ƙasa.

Kada a yarda da rasit kawai, a ɗora rodin kan sikeli. Mai 12, tsawon mita 12, nauyinsa wajen kilo 10.7 ne, mai 16 kuwa wajen kilo 19. In ya gaza sosai, a mayar wa mai shi. Sannan kada a bari a zuba kankare sai injiniyan da ba yaron ɗan kwangilar ba ya zo ya ƙirga rodi, ya auna tazarar ring da tef, ya gwada da abin da ke kan zane.