Sharhi kan garejin da ya gano ciwon tsohuwar Unimog ɗina a Tawa

Duk mai tsohuwar motar soja mai wutar bolt 24 a yankin Tawa, idan ta fara yi masa gardama, ina ba shi shawara ya kai ta wurin wani dattijon makanisiye da ke gefen gari, ta wajen hanyar da ta nufi Abalak. Ba zan kama sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba, Baba kawai zan kira shi, amma direbobin manyan motoci sun san rumfar. Sai da na bar motar ta yi aikin damina guda cur bayan gyaran kafin na zauna rubuta wannan, domin gyaran da bai shiga laka da kaya a baya ba, ba a yanke masa hukunci tukuna.

Motar tawa Unimog 404 ce, ƙirar Mercedes-Benz ta garin Gaggenau a Jamus. An ƙera irinta daga 1955 zuwa 1980, sama da guda 64,000, kuma sojojin Jamus ta Yamma ne suka kwashi mafi yawa, na Faransa ma sun saya tun farkon fitowarta. Injinta na esansi ne, silinda shida a jere, lita 2.2, ƙarfin doki 82, dangin injin da aka sa wa ƙananan Marsandi 220 na wancan zamani. An yi ta ne don ɗaukar tan ɗaya da rabi. Ni hannu na biyu na saye ta daga wanda ya same ta a gwanjo tun da daɗewa, ina kwaso buhunan albasa da ita daga garaken wajen Keita da Tamaske zuwa bakin kwalta, inda sauran motoci ke kafewa a ƙorama. Tun ranar farko na sauya mata fenti daga launin soja zuwa fari, takardunta kuma ba sa barin cikinta. Mai irin wannan mota a ƙasarmu yanzu kada ya yi wasa da wannan batu ko kaɗan.

Ciwonta iri uku ne. Da safe demarer, wato abin da ke murza inji ya tashi, ya riƙa juyawa a kasalance kamar batir ya mutu, alhali ba a daɗe da cajinsa ba. Idan ta tashi ta yi tafiya inji ya ɗauki zafi, musamman cikin Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40, sai ta fara tari, ta mutu a tsakiyar hanya, ba ta sake tashi sai ta huce. Fitilun birki da na gaba kuwa, yau akwai gobe babu. Kafin in zo wurin Baba wani garejin ya riga ya sa ni sayen batir sabo guda ɗaya da pompon esansi, sun kwance karburatar sun wanke, ciwon yana nan daram.

Abin da ya fara burge ni shi ne Baba bai ɗauki kile ba a ranar farko. Tambayoyi ya yi ta jero mini: da safe take yi ko da rana, da kaya ko babu kaya, idan za ta mutu fizga take yi ko ɗif take yi lokaci guda, wa ya taɓa wayoyinta na ƙarshe. Sannan ya sa yaro ya buɗe akwatin batir, ya duƙa ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsa ya ɗago wata siririyar jar waya da aka ɗaure a kan batir ɗaya, ya bi ta har cikin kabin, ta ƙare a jikin rediyo da wurin cajin waya.

"Ɗana, ga ɓarawonka na farko," in ji shi.

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina. Batir biyu ne masu bolt 12 aka haɗa su gaba da baya suka ba da 24. Dinamo idan yana caji, wuta ɗaya yake turawa ta ratsa su duka biyun, ba ya bambance mai yunwa da ƙosasshe. To idan ana zuƙar bolt 12 daga guda ɗaya kullum, shi wannan ba zai taɓa cika ba, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, ya riƙa tafasa yana ƙone ruwansa. Ya ɗora mita a gabana: ɗaya ya nuna 12.7, ɗayan bai kai 12 ba, ruwan mai ƙarfin kuma ya sauka har farantan ciki sun fito. Haɗa sabon batir da tsoho da wancan garejin ya yi ƙara dagula lamarin ya yi. Ya ce sai dai a sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya, rediyo kuma a sa masa ƙaramar na'urar da ke sauko da 24 zuwa 12. Maganar ta yi mini nauyi a aljihu, amma lambobin suna gabana, babu abin musu.

Da aka sa sababbin batir, demarer ya ɗan ƙara kuzari, ni har na fara murna. Baba ya girgiza kai ya ce bai kai ba. Ya ɗora bakin mita ɗaya a kan ƙafar batir ta mas (wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota), ɗayan a jikin inji, ya ce yaro ya murza makulli. A hanya mai lafiya abin da ke ɓacewa a nan bai kamata ya kai rabin bolt ba, tawa ta nuna sama da biyu. Igiyar mas da ke haɗa inji da shasi daga waje lafiya lau take, amma da ya kwance ta ya lanƙwasa, sai ga koren gari yana zubowa daga cikin saƙar, wurin da aka ɗaure ta kuma an shafe shi da fenti da tsatsa. Ya kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya sa sabuwar igiya mai kauri, ya shafa giris a kai. Babban makullin yanke batir ma ya buɗe shi ya goge bakinsa da ya yi baƙi. Wannan karon da aka murza, injin ya juya da wani sautin da ban taɓa ji daga gare shi ba tun da na saye ta. Wancan garejin har sun fara yi mini maganar neman wani demarer daga Yamai, ashe nawa ƙalau yake.

Mutuwar cikin zafi ita ta fi cin lokaci, kuma a nan ne na gane bambancin mai sani da mai laluben duhu. Ya ce ba ya gyara ciwon da bai gani da idonsa ba. Muka loda mata buhunan yashi, muka fita da ita tsakar rana, shi yana gefena da jakar kayan aiki a kan cinya, har ta yi halinta. Tana mutuwa ya diro, bai bari ta huce ba. Ya cire bututun iska daga kan karburatar, ya ce in taka totur, ya leƙa: esansi na tsartuwa sosai. Ke nan ba yunwar mai ba ce, pompon da na saya ma bai da laifi tun asali. Ya koma kan wuta.

Wutar buji ta wannan mota ba irin ta sauran motoci ba ce. Kowace waya tana cikin rigar ƙarfe, ana ɗaure ta da zare a kan buji da kan delko (mai rarraba wa buji wuta), don kada ruwa ya shiga kuma kada ta dami rediyon soja. Ba ka iya fizge waya ka kusanta ta da inji ka ga tartsatsi kamar yadda aka saba, ɓarna kuma tana iya ɓoyewa a cikin rigar. Ya kwance guda ɗaya da haƙuri, ya haɗa ta da wani buji da ya zo da shi, ya danna shi a jikin inji. Tartsatsin ja ne siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. Ya kai bayan hannunsa kusa da bobin, wadda ke ɗaga ƙarfin wutar da ke zuwa buji, ya janye da sauri, ya ce in gwada. Ba ta taɓuwa don zafi.

A nan ya gano ɓarawo na biyu. Akwai wani ɗan rezistans da ke gaban bobin, aikinsa rage wutar da ke ratsa ta. Wani mai gyara ya tsallake shi da guntun waya, wai don wuta ta ƙara ƙarfi. Abin da ya biyo baya shi ne bobin tana shan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi ta kasa, bis-filatinen da ke cikin delko, wato ƙananan ƙarafa biyu masu haɗa wuta da yanke ta, kuma suna ƙonewa. Da ya buɗe delkon a gareji ya nuna mini su a tafin hannunsa: gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsiro, launinsu ya koma shuɗi. Ya mayar da rezistans kan hanyarsa, ya sauya bis-filatine da kondansatar, ya daidaita tazararsu da siraran ƙarafan awo, ba da ido ba. Da zai mayar da wayoyin buji ya riƙa faɗin jerin a bakinsa, 1-5-3-6-2-4, yana sa yaran su maimaita. Na lura kuma ba launin waya yake bi ba, tunda rana da shekaru sun riga sun cinye launukan. Ƙananan lambobin da Jamusawa ke bugawa a bakin kowane mahaɗi yake karantawa: 30 wutar batir kai tsaye, 15 wadda ke zuwa bayan an murza makulli, 31 mas, 50 ta demarer. Wannan ilimi ne da nake fatan yaran nan su kwashe kafin ƙarfinsa ya ƙare, don ban ga wani mai shi a kusa ba.

Na fitilu bai ba shi wahala ba. Makunnin fitilar motar soja yana da matakan tafiyar dare a ɓoye, waɗanda ke kashe fitilun da aka saba har da na birki. Ƙurar hunturu ta cika shi, bakinsa ya lashe, yana tsayawa tsakanin mataki biyu. Ya wanke shi, ya fidda wayar tagulla da aka cusa a gurbin fis guda biyu, ya sa na gaskiya.

Akwai abin da ban kai ta dominsa ba, shi ya gano. Ya zagaya motar, ya tsuguna a tayar baya ta hagu, ya shafo wani danshi a cikin ƙafar ya sunsuna. Unimog tana da ƙaramin akwatin giya a jikin kowace taya, shi ne ke ɗaga cikinta sama da ƙasa har take wuce inda wasu ke sarƙewa, kuma kowanne da mansa daban. Nawa na wannan ƙafa ya kusa ƙafewa, robar da ke tare man ta mutu, man ya jiƙe takalman birki. Shi ya sa take jan gefe idan na taka, ni ina ɗora laifin a kan hanya. Yaran suka ce a zuba wa takalman esansi a cinna wuta man ya ƙone, kamar yadda ake yi. Ya hana. "Wagga mota kaya takan ɗauka ta gangara tudu, ba a yi mata wannan." Ya sa aka buga musu sabuwar fata, ya auna robar aka nemo daidai girmanta. Matatar iska mai wankan mai ma an same ta da taɓo kusan rabin kwanon, ya ce a wannan ƙasa tamu a riƙa duba ta kowane mako lokacin ƙura.

Wurin yana da nasa aibu, kuma gara mutum ya sani kafin ya je. Baba ba ya sauri, ba ya kuma ɗaukar waya. Idan kana da lodi yana jira gobe, ranka zai ɓaci. Kayan gyara ba ya ajiye su, bis-filatine da robar nan sai da aka aika Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, na farkon da aka kawo ma ba su dace ba aka mayar. Bujin asali masu zare ba a samu ba sam, tsofaffin ya wanke ya mayar. Filin garejin yashi ne, kuma ban ji daɗin yadda yaran ke ajiye kayan cikin delko a kan kwali a ƙasa iska na kaɗawa ba. Na yi magana, aka kawo faranti. Ba a ba da takardar shaidar biya, kai za ka rubuta abinka. A gefen karburatar kuma ba zan ce ya kai yadda ya kai a wuta ba: har yanzu idan tana tsaye injin yana ɗan rawa, shan manta bai ragu ba, tana cin sama da lita 20 a kilomita 100 ko a hanya mai kyau, cikin yashi kuwa ba a magana.

Kuɗin hannunsa gaba ɗaya bai kai kuɗin batir ɗaya daga cikin biyun da na saya ba, kuma duk abin da ya cire daga motar ya zuba mini a leda ya miƙo, har guntuwar wayar da aka tsallake rezistans da ita. Tun daga lokacin ba ta sake mutuwa a hanya ba, cikin ruwa ko cikin rana, tana tashi a murzawar farko. Wanda motarsa ta zamani ce mai kwamfuta, wannan ba wurinsa ba ne, Baba da kansa zai ce masa ya yi gaba. Amma mai Unimog, ko tsohuwar Berliet, ko Land Rover ta soja mai bolt 24, ya je da lokacinsa a hannu, ya kuma faɗa masa gaskiyar duk wanda ya taɓa wayoyin kafin shi.

Abin da ya rage tsakanina da shi yanzu shi ne regilatar ɗin dinamo. Ya auna caji ya samu yana kaiwa wajen bolt 28 yadda ya kamata, sai dai allurar tana ɗan rawa idan inji ya yi zafi. Ya ce zai kai ni wani lokaci amma in fara cigiyar wani, in kuma dawo masa da motar kafin a fara kwasar albasa.