Batirin Sola: A Sito Ko A Kejin Waje?

Hajiya, kin ce kin gama gini a Tumfure, za a haɗa miki sola mai inbata 5kVA saboda firizar ƙanƙara da fankoki da fitilu. Mai haɗawa ya ce a jera batura a siton da ke jikin kicin, ƙaninki kuma ya ce a'a, a yi musu keji na ƙarfe a waje jikin katanga a rufa shi da kwano. Kuma har yanzu ba ki tsayar da wanda za ki saya ba, batirin ruwa ko litiyom.

To ki fara tsayar da wannan na ƙarshen, domin batirin ne ke zaɓar wa kansa ɗaki. Wurin da ya dace da ɗaya yana iya zama makashin ɗayan.

Batirin ruwa, wato tubula, kowane ɗaya bolt 12 ne, kuma inbata irin taki yawanci bolt 48 take so, don haka huɗu za ki jera. Idan masu 200Ah ne, kowane yana kai kilo 60 ko fiye, kin ga jimilla ta kusa buhun masara biyu da rabi. A takarda suna ɗauke da yunit 9.6, irin yunit ɗin da mita ke ci, amma rabi ne naki, saura ki bar musu idan kina so su yi ƙarko. Litiyom kuwa, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, akwati guda mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗauke da yunit 5.12, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, nauyinsa bai cika wuce kilo 50 ba. Wutar da za ki mora kusan ɗaya ce. Na ruwa ya fi sauƙin kuɗi ranar saye, yana buƙatar a riƙa ƙara masa ruwan batir, kuma yana fitar da iska idan yana caji. Litiyom ya fi tsada, ba ruwansa da ƙarin ruwa, ba ya fitar da komai muddin lafiyarsa ƙalau.

A Gombe zafi ne babban mai cin batir, ya fi ɓarawo, ya fi ruwan sama. Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a jikin kwali an auna su ne a wajen digiri 25. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani game da batirin dalma, wato irin su tubula, ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba tsawon ransa biyu. Wanda zai yi shekara huɗu a wuri mai sanyi, a ɗakin da ke zama a digiri 35 shekara biyu zai yi, ruwansa kuma ya riƙa ƙafewa da wuri. Litiyom ya fi juriya amma shi ma zafi na tsufar da shi. Yawancinsu an iyakance musu caji a wajen digiri 45, wasu su ɗan haura, kuma akwai 'yar na'ura a cikinsu, BMS, da ke yanke caji idan zafi ya wuce iyaka. Yankewar nan kuwa tana zuwa ne da tsakar rana, daidai lokacin da fanel ke ba da wuta mafi yawa. Sai dare ya yi a tarar batir bai cika ba, a hau zargin fanel ko mai haɗawa.

Yanzu ki ɗora kejin ƙaninki a kan wannan. A watan Maris da Afrilu a inuwa ma muna ganin digiri 40. Akwatin ƙarfe mai rufin kwano a tsakar rana ya wuce nan nesa ba kusa ba, wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana ya san zancen. Idan kuma kejin ya jingina da bango mai kallon yamma, wanda rana ke duka tun daga azahar har ta faɗi, to bulon zai riƙe zafin ya riƙa sakinsa har bayan isha'i. Sito a cikin gida mai silin, wanda ɗakuna suka kewaye shi, ya fi wannan sanyi ƙwarai, kuma zafinsa ba ya hawa da sauka da ƙarfi tsakanin rana da dare. Ta fuskar zafi kaɗai, mai haɗawa ya fi ƙaninki gaskiya.

Amma shi ma ban ba shi duka ba, saboda kin ce siton jikin kicin yake. Irin wannan siton na san abin da ke ƙarewa a cikinsa: tukunyar gas, jarkar man gyaɗa, buhunan hatsi, kwalaye, kuma ina kyautata zaton firizar ma can za ta zauna. Firiza sanyi take yi a ciki, amma a waje zafi take hurawa dare da rana. Ga inbata ita ma da nata zafin. Ɗan ɗaki marar taga da waɗannan biyun a ciki, an gudu gara ne an tarar da zago.

Sai maganar iska, kuma a nan ne batura biyun suka rabu sosai. Batirin ruwa idan ya kusa cika yana tafasa a hankali, yana sakin iskar haidurojin. Ba ta da launi ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, don haka sama take tashi ta taru a ƙarƙashin silin. Idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi guda ya isa ta kama. Gas ɗin girki akasin haka yake, nauyi ne da shi, idan ya yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda batura suke. Ki haɗa su a ɗaki ɗaya, sama da ƙasa duk babu tsira. Ga tururin asid da ke cin ƙarfe yana sa kan batir ya yi farin gari ko kore, bai kamata ya zauna da abinci ba. Saboda haka idan tubula kika saya, siton kicin ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Haka ɗakin kwana, haka ɗakin janareto inda ake ajiye jarkar fetur.

Abin da tubula ke so shi ne waje, amma ba kejin kwano ba. Ɗan ɗaki na bulo, a gefen gabas ko arewacin gidan inda ginin kansa zai yi masa inuwa da yamma, a yi masa silin ko a zuba dakali a sama. A bar ƙofar iska biyu, ɗaya a ƙasa ta shiga, ɗaya can sama dab da rufi ta fita, a bango daban-daban. Wanda ya sa taga ɗaya a tsakiyar bango ya bar wa haidurojin wurin taruwa a samanta. A bar ɗan tazara tsakanin batir da batir, kamar faɗin yatsu biyu ko uku, kuma a bar sarari a kansu yadda mutum zai iya buɗe murafun ya duba ruwa ba tare da ya janye komai ba. Batirin da duba ruwansa ke da wuya ba a duba shi, haka ɗan Adam yake. Kada kuma a rataye inbata kai tsaye a saman batura, a gefe za ta zauna, don tururin ya daina shiga cikinta.

Litiyom shi ne na cikin gida. Ba ya fitar da iska, yana son sanyi, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a nan an yi su ne don ɗaki. Ki duba jikin akwatin ko takardarsa: IP20 ko IP21 na nufin ba ya jure ƙura da feshin ruwa, IP65 shi ne wanda aka yi don waje, shi ma ɗin a inuwa. LiFePO4 ya fi batirin waya da na kwamfutar hannu wuyar kamawa da wuta, amma ba a ce ba ya kamawa ba, musamman irin na arahar nan da ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batir a sa musu sabon akwati. Shi ya sa ƙa'idojin ƙasashe irin su Ostareliya da Ingila suka hana sa shi a ɗakin kwana, ko cikin silin, ko kan hanyar da mutane za su bi su fita idan gobara ta tashi. Gidajenmu kowace taga da ƙarfen tsaro, ƙofa ɗaya ce mafita, saboda haka wannan sharaɗin ya fi kama mu fiye da su. Kada a sa shi a lungun da ke tsakanin ɗakunan yara da ƙofar fita, komai kyan wurin.

Idan za a rataye shi a bango, a tabbata bangon zai ɗauka. Bulo mai inci tara da kusoshi masu buɗewa a ciki ba laifi. Bulo mai inci shida da aka yi wa rowar siminti, ko ginin ƙasa, gara a tsayar da shi a kan teburin ƙarfe. Katako ban so, gara na nan.

Duk inda batir ya tafi, inbata ta bi shi. Wannan shi ne abin da masu cewa "a kai waje" suke mantawa. Wat 5,000 a bolt 48 ya haura amfiya 100 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), alhali wutar nan ɗaya bayan ta fito daga inbata a bolt 230 ba ta wuce amfiya 22 ba. Amfiya ɗari tana son kebul mai kauri, sukwaya milimita 25 ko 35 na jan ƙarfe zalla, kuma gajere, mita ɗaya zuwa biyu. Idan aka ja shi mita goma daga kejin waje zuwa falo, kuɗinsa zai ba ki mamaki, wuta ta ɓace a hanya, waya ta yi ta ɗumi. In an zaɓi ɗakin waje, batir da inbata su zauna tare a can, a shigo da wutar 230 cikin gida. Ki kuma sa a kankare bakin kebul a gabanki: idan cikin fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Sauran abubuwan ba su da tsawon bayani. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe fankar inbata, ta fi yawa a waje, sai an riƙa hurewa. Ƙadangare da tsaka da ɓera suna son ɗumin inbata, raga mai ƙananan ido a kan ƙofofin iska tana maganinsu. Ruwa: ko a tudu kike, a ɗaga batura daga ƙasa kamar ƙafa guda a kan dakalin siminti, masu gida a bakin kwari kuwa su ƙara a kan haka. Ɓarawo kuma, akwatin kilo 50 mutum biyu sun ishe shi su tsallake katanga da shi, wannan ma ƙarin dalili ne na barin litiyom a ciki.

Da ni ne a gidanki, litiyom zan saya in kuɗin ya kai, in sa shi a sito, amma da sharaɗi: tukunyar gas da firiza su fita, ko kuma a nemi wani ɗan ɗakin da ba ya jikin bangon yamma. A huda masa hanyar iska, a sa ƙofa mai makulli saboda yara, a bar sarari kewaye da inbata gwargwadon yadda takardarta ta ce, kada a jingina mata buhu. Idan kuɗin tubula ne a hannu, to ki ƙara kuɗin bulo da siminti na ɗan ɗakin waje a cikin lissafin tun yanzu, sannan ki sake gwada farashin biyun. Tazarar tana raguwa fiye da yadda ake zato, balle in an tuna cewa tubula za a canja shi tun litiyom na da sauran ƙarfi.

Ko wanne kika ɗauka, kada mai haɗawa ya tafi sai kin ga fis ko bireka ta DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa, dab da batir. Bireka irin ta wutar Nepa ba ta maye gurbinta, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa idan an yanke. Ki ga sandar atin, wato ƙarfen da ke zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa, an kafa ta a ƙasa an haɗa, da na'urar kare tsawa saboda hadarin farkon damina. A ɗaure kawunan batir tamau, a dawo a sake duba su bayan 'yan makonni, don sako-sakon kai shi ke fara ɗumi ya narke roba. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa ta waje, ba can ciki bayan batura ba. Hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta takardar shaida, ba laifi ba ne ki ce ya nuna miki tasa, ki kuma karɓi garanti a rubuce ki karanta abin da ya ce game da zafin wurin ajiya.

Kafin ki biya kuɗin komai, ki sayi ɗan ma'aunin zafi na ɗaki a kasuwa. Ki ajiye shi a siton kwana biyu ko uku, ƙofa a rufe, ki riƙa duba shi da la'asar da kuma bayan isha'i. Ki yi haka a wurin da ƙaninki ya nuna, da duk wani lungu da kike tunani. Idan a damina ko hunturu kika auna, ki tuna Afrilu zai ɗora digiri da dama a kan abin da kika gani.