Yawon kwana ɗaya a filayen jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya a yankin Somme

Ranar Asabar na biya kuɗin yawon kwana ɗaya daga birnin Amiens na ƙasar Faransa, mu bakwai cikin ƙaramar bas, don ganin wuraren da jiragen yaƙi suka riƙa tashi dab da bakin daga. Wanda ke sa ran ganin titin jirgi da hasumiya, to ya cire rai tun daga gida. Gonaki ne kawai, alkama da dankali iya ganinka.

Ɗan jagoranmu shi ne ya sa kuɗina suka halatta. A Vert Galant, kan hanyar Doullens, ya tsayar da mu bakin gona, ya ɗaga wani tsohon hoto ya daidaita shi da rufin gidan gonar da ke gabanmu. Sai ga rumfunan katako da tamfol a jere, jirage kan ciyawa, daidai inda muke tsaye. Tsigar jikina ta tashi. Daga wannan fili ne Albert Ball, fitaccen matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya, ya tashi ranar 7 ga Mayu 1917, bai dawo ba, yana ɗan shekara 20. Jagoran ya bayyana mana cewa fili mai faɗi kawai ake nema, a kafa tantuna, in daga ta matsa a kwashe a yi gaba. Matuƙan Birtaniya kuwa babu laimar dira suke tashi, ga injin yana fesa musu man zurma a fuska.

Da rana muka bi sawun Manfred von Richthofen, shahararren matuƙin jirgin yaƙin Jamus: Cappy inda ya tashi ranar 21 ga Afrilu 1918, tudun kusa da Vaux-sur-Somme inda jan jirginsa mai fuka-fuki hawa uku ya faɗi, sai Bertangles inda sojojin Ostireliya suka binne shi washegari da girmamawa, duk da jirage 80 da ya kakkaɓo.

Inda raina ya ɓaci shi ne gaggawa. Minti goma aka ba mu a Cappy, alhali an kashe sama da awa guda a gidan abinci. Ban samu abin da zan ci ba sai burodi da cuku, azahar ma a gefen mota na yi ta. Duk da haka zan sake zuwa, amma da guzurina da takalmin roba, don taɓon gonakin nan ya kusa raba ni da nawa.