Zaɓen allon sarrafa motsi da manhaja ga wanda ya haɗa injin CNC da hannunsa

Injin CNC shi ne injin yanka ko sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa. Mafi yawan masu haɗa shi da kansu sukan shafe watanni suna fama da firam da sandunan tuƙi da moto, sai a ƙarshe su sayi allon sarrafa motsi a gurguje, kamar wani ƙaramin kayan gyara ne da za a iya sauyawa a kowane lokaci. A ganina wannan kuskure ne, domin allon da manhajar da ke ba shi umarni tare suke tafiya, kuma wanda ya zaɓi ɗaya ya riga ya zaɓi ɗayan ko bai sani ba. Idan daga baya ya so sauyawa, ba allo kaɗai zai cire ba: zai sake jan wayoyi, ya sake saita kowane layin motsi, wato kowace hanyar da injin ke tafiya a kanta, ya kuma sake koyon fuskar wata manhajar bayan hannunsa ya saba da ta farko.

Aikin allon shi ne karɓar umarnin G-code, wanda ke cewa kan yanka ya tafi wuri kaza da gudu kaza, ya mayar da shi bugun lantarki da ake aikawa direban kowane moto, wato na'urar da ke ba moton wuta, bugu ɗaya taku ɗaya. Dole bugun ya zo daidai kan lokaci, domin idan ya yi gaba ko ya yi baya moto zai yi gurnani ya tsallake taku, aikin kuma ya lalace. Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce a ina ake ƙirƙirar wannan bugun. A wani tsarin kwamfuta ce da kanta ke fitar da shi ta tsohuwar kafar firinta mai baki 25. A wani kwamfuta tana tsara tafiyar ne kawai, wani allo na waje ya fitar da bugun. A wani kuma ƙaramin allon ne ke yin lissafin duka, kwamfuta sai dai ta riƙa miƙa masa layukan umarni, ko ma babu ita gaba ɗaya.

Kafin a duba kowane suna a kasuwa ya kamata a yi wani ɗan lissafi. Moto mai juyi daki-daki, wanda ake kira sitefa, yawanci taku 200 yake yi a zagaye ɗaya. Idan aka saita direba ya raba kowane taku gida takwas, zagayen ya koma bugu 1600, kuma idan sandar tuƙi tana ciyar da injin gaba milimita 5 a kowane zagaye, ana buƙatar bugu 320 ga kowace milimita. Allon da ke iya fitar da bugu 30,000 a daƙiƙa zai kai injin gudun kusan milimita 5,600 a minti, wanda ya ishi ƙaramin injin sassaƙa katako. Amma idan aka raba takun gida goma sha shida gudun zai ragu da rabi, idan kuwa moto irin na sarbo ne, wato wanda ke da na'urar ƙirga juyinsa, mai neman dubban bugu a zagaye guda, wannan allon ba zai kai ko'ina ba. Bayan wannan lissafin sai a ƙirga layukan motsi, a tuna cewa gadar da ke ɗauke da kan yanka, idan moto biyu ke tura ta, tana cin mafita biyu, musamman in ana so injin ya riƙa daidaita kusurwar gadar da kansa duk lokacin da ya koma gida, wato wurin da yake fara ƙirga matsayinsa.

GRBL ita ce ƙofar da mutane da yawa suka shiga wannan sana'a ta cikinta. Manhaja ce ta kyauta da ake zubawa a cikin allon Arduino Uno, tana sarrafa layukan motsi uku, iyakar bugunta kuma kusan 30,000 ɗin nan ne da muka yi lissafi da shi. Ana aika mata aiki ta USB da manhajoji irin su Universal Gcode Sender, bCNC, Candle ko gSender, kuma ga injin zane da hasken leza tana aiki lafiya da LightBurn. Sai dai ƙwaƙwalwar allon ta cika maƙil tun da daɗewa, shi ya sa ba ta san gyaran sako-sakon da ke tsakanin sanda da noti ba, ba ta da dunƙulallun umarnin huda ramuka, ba ta kuma gudanar da sauya bakin yanka da kanta. Ƙananan direbobin da ake cusawa a saman allon, irin A4988 da DRV8825, ba su dace da manyan moto ba, gara a haɗa direbobi na waje irin DM542. Ga wanda zai fara yau ban ga dalilin sayen Uno ba, tunda magadanta sun fi ta ta kowace fuska kuma yarensu ɗaya.

Magadan nan su ne grblHAL da FluidNC, waɗanda ke gudana a kan ƙwaƙwalwa mai bit 32. Ana samun grblHAL a kan alluna masu STM32 ko Teensy 4.1 ko RP2040, tana ɗaukar layukan motsi fiye da uku, bugunta ya ninka na Uno sau da yawa, ta kuma cike giɓin da aka ambata, har da gyaran sako-sako da sauya baki da haɗi ta Ethernet a allunan da ke da kafarsa. FluidNC kuwa ta ESP32 ce, kuma abin da ya fi burge ni da ita shi ne duk bayanin injin yana cikin fayil ɗin rubutu guda wanda za a gyara a ɗora, sannan ana iya sarrafa injin daga waya ta burauza. Shawarata ga mai amfani da ita ita ce ya ɗora aikin a katin ajiya ya bar allon ya karanta daga can, kada ya dogara da WiFi wajen miƙa layuka alhali baki yana cikin katako.

Mach3 suna ne da mai saye zai yi ta cin karo da shi, saboda ta daɗe tana mulkin wannan fage a kan Windows, kuma darussa a kanta ba su ƙirguwa. Amma an daina ci gaba da gina ta, direbanta na kafar firinta kuma ba ya aiki sai a kan Windows mai bit 32, abin da ke nufin neman tsohuwar kwamfuta. Sigar gwaji tana tsayawa a layi 500 na G-code. Kasuwa cike take da alluna masu arha na USB da aka rubuta wa sunanta, waɗanda kowannensu ya dogara da wata ƙaramar manhajar haɗi da ba a san ko za a sake sabunta ta ba, wasu ma sukan zo da kwafin da ba shi da lasisi na gaskiya. Ina ba da shawarar a guje musu. Wanda ya riga ya mallaki lasisi kuma ya saba da ita zai iya ci gaba da allon waje mai inganci irin Ethernet SmoothStepper, wanda yake aiki da magajiyarta Mach4 ma, sai dai a sani Mach4 sabon gini ce, saitunan Mach3 ba sa ƙaura zuwa cikinta kai tsaye.

Ga mai son zama a kan Windows ba tare da wannan jidali ba akwai UCCNC ta kamfanin CNCdrive na ƙasar Hungari, wadda ke aiki da allunan kamfanin kaɗai, irin UC100 da UC300ETH da AXBB-E, lasisinta kuma a ɗaure yake da lambar allon da aka saya. Akwai kuma Acorn na kamfanin Centroid na Amurka, mai layukan motsi huɗu da manhajar CNC12, wadda ta gaji halayen injinan masana'antu, sigarta ta kyauta kuma tana da iyakar girman fayil. Amfanin waɗannan biyun shi ne allo da manhaja daga hannu ɗaya suka fito, don haka idan matsala ta taso an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da aka bayar a madadin haka shi ne 'yanci, domin abin da kamfanin bai tanada ba sai dai a jira shi.

LinuxCNC ta cancanci dogon bayani, domin ita ce mafi ƙarfi a cikin na kyauta kuma ita ce aka fi jin tsoro. Asalinta wani aiki ne mai suna EMC na hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka, NIST. Tana gudana a kan Linux da aka gyara domin ya riƙa amsawa a kan ƙayyadadden lokaci, tana kuma iya sarrafa layukan motsi har tara. Bambancinta da sauran shi ne kwamfutar ce ke riƙe da ragamar tafiya a kowane lokaci, tana duba matsayin injin sau dubu a daƙiƙa, saboda haka idan aka sa na'urar ƙirga juyi a kan moto ko ma'auni a jikin teburi, manhajar tana ganin inda injin yake a zahiri ta gyara kuskure nan take. Wannan ne ya sa take iya yanka zare irin na noti a injin da ke juya ƙarfe yana fere shi, inda dole tafiyar baki ta bi juyin sifindil, wato sandar juyi ta injin, sau da ƙafa, ya kuma sa masu farfaɗo da tsofaffin injinan masana'antu suke komawa gare ta. Ga injin yanka da wutar filasma ma tana da fuska ta musamman, QtPlasmaC, mai kula da tsayin bakin wuta daga farantin ƙarfe.

Za a iya tuƙa ta da kafar firinta, amma hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce haɗa ta da katin kamfanin Mesa, misali 7i96S, wanda ke shiga ta Ethernet, yana ɗaukar moto biyar, yana kuma fitar da bugu da saurin da ya wuce buƙatar kowane injin gida. Wahalarta a wurin saiti take. Akwai mataimakan saiti, StepConf da PNCconf, da za su kai mutum ga injin da ke motsi, amma duk abin da ya wuce na yau da kullum sai an buɗe fayilolin INI da HAL an haɗa sigina da sigina da hannu, tamkar ana jan waya a rubuce. Wanda ba ya jin daɗin irin wannan aiki zai gaji kafin ya yanka komai. Wanda ya jure kuwa da wuya ya ci karo da abin da manhajar za ta ce ba ta iyawa. Ba kowace kwamfuta ce ta dace ba, musamman na tafi-da-gidanka, waɗanda dabarunsu na tattalin batir kan jawo jinkiri.

Akwai kuma akwatunan da ba sa buƙatar kwamfuta sam, irin Masso na Ostareliya da jerin DDCS na Sin, inda ake kawo aiki a filasha a danna maɓalli. Sun dace da wurin aiki mai ƙura da kuma injin da mutane da yawa ke taɓawa, sai dai abin da akwatin ya zo da shi ke nan.

Wani abu da takardar talla ba ta cika faɗa ba shi ne hayaniyar lantarki. Inbatar da ke juya sifindil da kuma injin filasma suna watsa hayaniya mai yawa, kuma haɗin USB ya yi ƙaurin suna wajen yankewa ana tsakiyar aiki saboda ita, alhali Ethernet a ware yake ta hanyar ƙananan taransifoma da ke bakin kafarsa. Haka nan allon da mashigansa ke aiki da bolt 24 kuma aka raba su da ƙwaƙwalwar ta hanyar haske ya fi jure doguwar waya zuwa makunnan iyaka, masu tsayar da injin a ƙarshen hanyarsa, fiye da mai bolt 5 tsirara, wanda kan ga an taɓa iyaka alhali ba abin da ya taɓa ta. A ƙirga mashigai da mafitai tun kafin saye: makunnin gida na kowane layi, na'urar auna tsayin baki, famfon sanyaya, da hanyar ba sifindil umarnin gudu, ko ta bolt 0 zuwa 10 ko ta RS485. Maɓallin tsayawar gaggawa kuwa ya yanke wutar direbobi da sifindil kai tsaye ta rile, kada a bar shi ya zama saƙo kawai ga manhajar da wataƙila ita ce ta maƙale.

Manhajar zane da ta tsara hanyar yanka daban suke da duk waɗannan, abin da ke haɗa su da allon kuwa shi ne fayil ɗin fassara da ke fitar da G-code a karin harshen da allon ke ji. A tabbatar akwai shi kafin a biya kuɗin komai. Fusion ta Autodesk tana da lasisin kyauta na amfanin kai, amma a cikinsa an rage gudun tafiyar da ba ta yanka, an kuma hana haɗa baki da yawa a fayil guda, sharuɗɗan ma sukan sauya. FreeCAD kyauta ce ba tare da sharaɗi ba, ko da yake tana neman haƙuri. Masu sassaƙa alluna da ƙofofi sun fi karkata ga VCarve ta Vectric, masu filasma kuma ga SheetCAM.

Da wani zai tambaye ni, ga injin katako ko roba ko alminiyam mara kauri zan ce ya ɗauki allon grblHAL mai Ethernet da mashigai masu kariya. Ga injin ƙarfe, ko mai sarbo, ko wanda ake sa ran ƙara masa na'urar sauya baki nan gaba, LinuxCNC da katin Mesa, in kuwa Linux ba ta kwanta masa ba, Acorn ko UCCNC. Kusan dukkansu ana iya gwada su kafin a kashe ko sisi: ana kunna LinuxCNC daga filasha ba tare da an girka ta ba, a bar gwajin jinkirinta yana gudana na wasu sa'o'i ana buɗe bidiyo da manyan fayiloli don a ga ko kwamfutar za ta iya, UCCNC da Mach kuma suna da yanayin gwaji da za a ɗora G-code a kalli yadda suke bin sa a fuskar kwamfuta tun ba a haɗa ko waya ɗaya ba.