Hajiya, ki riƙe kuɗinki, kar ki ba 'yar TikTok

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon shafin abayoyin, ya kawo kasuwa mai amfani. Tsakanin ki biya mai mabiya da yawa ta tallata miki shi, da ki zauna ki riƙa haɗa bidiyonki da rubutunki da kanki, ni dai na biyun zan ce ki ɗauka. Duka hanyoyin na taka su da ƙafata, kuma ta farkon har yau in na tuna sai na ji wani ɗaci a maƙogwarona.

Turaren wuta da humra nake yi. Lokacin da aka gama haɗa min shafina na intanet zumuɗi ya ɗebe ni, sai dai abin ya zama kamar shago sabo fil, an yi fenti an jera kaya, amma a lungun da ba mai wucewa. Wata ƙawata ta ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, ga wance nan 'yar TikTok, ta ɗaga kwalbarki sau ɗaya kin gama. Na tura kuɗin da a lokacin zai sarar min sandal da hawi na wata biyu, na haɗa mata da kwalabe shida kyauta, har da humrar da nake ji da ita. Sati uku ina bibiya kafin ta saka. Da ta tashi sakawa, tsakanin bidiyon rawa biyu ya faɗo, ta riƙe kwalbar sunan yana kallon baya, adireshin shafin kuwa sai da na yi magana sannan ta jefa shi can ƙasa cikin kwament. Ranar wayata ta yi zafi, ba ƙarya. Amma me yake shigowa? "Slm." "Nawa ne?" in na faɗa, ɗif. "Anti a taimaka min da ɗaya kyauta." Sai samari masu son sanin ko ina da aure. Kwalba huɗu na sayar. Kwana biyu ƙura ta lafa kamar ba a yi ba.

Da na huce na ga laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Masu binta don su yi dariya suke binta, ba wanda ya buɗe wayarsa da niyyar sayen turare. Taron wata na ara, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba zan rantse cewa babu wadda ta taɓa cin riba da su ba. In kin dage sai kin gwada, ki nemi ƙarama wadda matan garinku suke sauraron maganarta a kan sutura, ki ce ta turo miki hoton allon da ke nuna garuruwan mabiyanta da yawan mata a cikinsu, kuma kar ki biya duka sai ta saka. Iyakar abin da zan iya faɗa a kansu ke nan.

Yanzu bari in ba ki labarin ɗayar. Goggona da ta koya min sana'ar nan, a Maiduguri ta tashi, ita ce wata rana ta ji ina amsa waya ina yi wa wata bayanin dalilin da ya sa turarenta yake ƙauri. Da na ajiye ta ce, "Ke wannan maganar sau nawa za ki maimaita ta? Ki rubuta ta mana ki huta." Daren nan na zauna na rubuta, ba wani dogon abu ba: cewa garwashin da yake ja wur ƙona turare yake yi, a bari toka ta ɗan lulluɓe shi tukuna, cewa in sukarin haɗin ya yi yawa dole ya yi ƙauri komai tsadar itacen, cewa ɗan kaɗan ake zubawa a kasko, ba a cika shi kamar ana zuba gishiri a miyar biki. Washegari da hantsi na jingina wayata da gwangwanin madara a bakin taga, na ɗauki kasko biyu, ɗaya da jan garwashi ɗaya da mai toka. Hannun Goggo kawai ake gani, da lallenta da zobenta na azurfa, tana barbaɗa turaren. Na farko ya tashi da baƙin hayaƙi yana ƙara, na biyun ya miƙe fari siriri a hankali. Ko minti ɗaya bidiyon bai kai ba. Na saka shi a shafin tare da rubutun, na yanko shi na saka a sitatus da Instagram.

Watanni bayan nan, na ma manta da shi, sai ga saƙon murya daga wata baiwar Allah a Damagaram. Ta ce ta shiga Google ne tana neman abin da ke sa turare ƙauri, ta faɗo kan rubutuna, ta gwada abin da na ce a kan turaren da ta saya a wani waje ya gyaru. Ta ce wadda ta faɗa mata gaskiya ba tare da ta sayi komai ba, ita za ta haɗa wa 'yarta turaren aure. Kwali guda na kai tasha aka saka a motar Damagaram, kuma har yau duk bikin da za a yi a danginsu sai an neme ni. Ƙamshi ba ya bin waya, Hajiya. Abin da ya bi wayar ya isa gare ta shi ne ta ga na san abin da nake yi.

Ga inda bambancin yake. Sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Bidiyon 'yar TikTok kwana biyu wasu sun danne shi, kuma a gidanta yake, ranar da ta ga dama ta goge. Rubutun da kika saka a shafinki yana nan, Google yana tura miki mutane kina barci. Waɗanda suka daɗe a harkar nan ba su manta da 4 ga Oktoba 2021 ba, ranar da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida, kowa ya riƙa kashe waya yana kunnawa yana zagin kamfanin layinsa. A shekarar ne kuma gwamnati ta rufe Twitter tun daga watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Duk wanda shagonsa yake kan dandalin wani, ɗan haya ne. Ke da kika riga kika gina naki, ki zuba masa kaya mana.

Kada ki ce ba ki san me za ki riƙa sakawa ba. Ki buɗe WhatsApp ɗinki ki karanta tambayoyin da aka yi miki a watan nan, ki kwafe su a littafi. Na tabbata za ki tarar da su: yadin yana da zafi? Yana nuna jiki? Baƙin yana koɗewa? Wace lamba ce za ta yi min? Kowacce ɗaya shafi guda ce da bidiyo guda. Mata da yawa ba su san cewa lambobin nan na abaya, 52, 54, 56, 58, tsayi ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa ba, suna zaton faɗi ne. Ki ɗauko tef ɗin tela ki nuna yadda ake aunawa, kin rage wa kanki rigimar "ta yi min tsawo, a canza min". Ki ɗaga yadin a gaban taga haske ya ratsa, mai kallo ta gani da idonta ko shara-shara ne. Ki jiƙa gefensa a farin roba a ga ko yana zuba. Ba sai kin nuna fuskarki ba in Alhaji ba ya so, ni shekara da shekaru hannu kawai ake gani. Ranar Asabar da hantsi nake ɗaukar na sati gaba ɗaya, in goge gilashin kyamarar da gefen mayafi, in yanka a manhajar CapCut, in rubuta farashi a kai da manhajar Canva. Uku a sati ya ishe ki in dai ba za ki tsallake ba.

Kuma da kalandar Musulunci za ki yi lissafi, don da ita kasuwarmu take tafiya. Abin da kike son sayarwa a azumi, tun Rajab za ki ɗauki hotonsa, Sha'aban ki fara sakawa. Wadda ta bari sai goman ƙarshe ta tarar kowa ya gama sayayyar sallah, ga motocin tasha a cike, saƙo yana kwana uku a hanya. Bayan sallah kuma bukukuwa suke ɓarkewa, nan ne za ki fito da na 'yan rakiyar amarya.

Wasu ƙananan abubuwa da na koya da wuya. Mutanenmu ba sa saka ƙugiya in suna nema a Google, "dinki" suke rubutawa, ba "ɗinki" ba, wani kuma ya haɗa Hausa da Turanci a layi ɗaya. Ki sa wanda ya haɗa miki shafin ya jona shi da Google Search Console, kyauta ne, zai riƙa nuna miki ainihin kalmomin da aka rubuta kafin a iso gare ki, sai ki riƙa sa su a kanun rubutunki. Hotuna kuma ki rage musu nauyi kafin ki ɗora. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba mai tsayawa hoto ɗaya yana juyawa yana shanye mata data, fita za ta yi. Sannan don Allah ki rubuta farashi. Wannan ɗabi'ar ta "ki zo inbos" korar mai saye take yi, mai kuɗin kirki ba ta da lokacin ciniki a ɓoye, za ta ɗauka kowa da farashin da ake yanka masa. A ƙarƙashin kowace abaya a sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp Business ɗinki kai tsaye, don a nan ake ƙulla ciniki, shafin jawo mutum kawai yake yi. Duk wadda ta saya ki roƙe ta ta adana lambarki, saboda saƙon bai-ɗaya da ake turawa mutum 256 a lokaci guda ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar.

In akwai ragowar kuɗi, a nan ne talla take shigowa, amma taki ta kanki. Ki duba bidiyon da ya fi jawo tambaya ba tare da kin biya ko sisi ba, shi za ki saka wa kuɗi kaɗan a Facebook da Instagram na kwana biyar. Ki zaɓi mata, ki zaɓi garuruwan da kike da direba amintacce a tasharsu, ki sa tallar ta buɗe WhatsApp. Ki ƙirga mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya. Yawan kallo ba ya sayen buhun shinkafa. Ki sa a lissafinki cewa tun shekarar 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar Meta, wato kamfanin Facebook da Instagram, a Najeriya, kar ki ga an cire fiye da abin da kika rubuta ki zaci damfara ce.

Damfarar gaskiya tana nan tafe, tunda kin buɗe shafi sai sun neme ki. Akwai masu sayar da mabiya, dubu kaza a kan kaza. Gumaka ne, ba sa magana ba sa saye, kuma mai wayo tana ganin mabiya dubu ashirin da kwament biyu ta san abin da ake ciki. Akwai masu cewa su ne manajan wance, su karɓi kuɗin talla su toshe ki, ita wancen ba ta ma san da zamansu ba. Akwai saƙon da zai zo da tambarin Meta wai za a rufe shafinki cikin awa 24 in ba ki danna nan ba, kina dannawa kin miƙa musu kalmar sirrinki. Lambobi shidan nan da WhatsApp yake turowa, ko wanda ya kira ya ce daga wannan zauren namu yake, kar ki karanta masa. Kaya kuma ba ya fita sai kin ga kuɗi a cikin asusunki da idonki, hoton rasit ba kuɗi ba ne.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na sunan shafi. Yaron da ya fara haɗa min nawa da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan. Shi sunan nan haya ce ta shekara-shekara, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng. Da shekara ta zagayo ya ninka min kuɗi, na ce ban yarda ba, ya ce to shafin zai sauka. Sai da yayana ya shiga maganar sannan ya sakar min. Yau ɗin nan ki tambayi naki: da sunan wa aka yi rajista, imel ɗin wa, kuma ina kalmar sirrin shiga? In ya fara kame-kame kin san inda aka dosa.

Wata biyun farko za ki ji kamar da bango kike magana, ki saka bidiyo ƙannenki ne kawai za su danna. Haka nawa ya yi. Kuɗin da kika ware wa 'yar TikTok ɗin ki raba shi: ƙafar ɗora waya, data, sabunta sunan shafin na baɗi, ragowar ki ajiye wa ƙaramar tallar Sha'aban. Ki turo min adireshin ta bayan fage in buɗe shi a tsohuwar Itel ɗin Goggo, in ya buɗe a kanta ba tare da ya tsaya juyi ba, sai mu fara da bidiyon tef ɗin tela ranar Asabar.