Allon zamiyar ƙanƙara: wanne zan saya, wanne zan bari a shago

Shekaranjiya da daddare ina zaune wajen mai shayi a Samaru, daura da get ɗin ABU, sai ga ɗan kawuna ya zo da waya a hannu yana washe baki, wai ya samu sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya zai tafi Erzurum karatu, kuma tun bai samu biza ba har ya cika wayarsa da hotunan allon zamiya, wato sinobod. Ya ce "Yaya, kai da ka yi abin nan, wanne zan saya?" Na ce masa ya zauna ya sha shayi tukuna, maganar ba ta tsaye ba ce. Ba shi ne na farko ba, kafin shi yara uku ne a shekarar nan suka tambaye ni abu ɗaya, masu tafiya Rasha da Kanada da Sin, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Ni dai shekara huɗu na yi a Kayseri, can Turkiyyar, garin da ke gindin dutsen Erciyes, dutse ne mai tsayi sama da mita 3,900, daga cikin gari zuwa wurin wasan bai wuce kilomita 25 ba, to ɗalibi ma da bas yake zuwa ya dawo a yini. Hunturu uku na yi ina hawa. Ni gufi ne, ma'ana ƙafar dama nake sawa gaba, masu sa hagu gaba su ake ce wa regula, kuma in kana son sanin naka ka tuna ƙafar da kake fara jefawa in ka zo zamewa a kan siminti mai santsi lokacin damina. Ba gwani ba ne ni, ban taɓa yin tsalle na juya a sama ba, amma na sha ƙasa iya sha kuma an cuce ni iya cuta, to a kan wannan nake magana.

Abu na farko da na faɗa wa yaron nan bai ji daɗinsa ba: hunturun farko kar ka sayi allo. Ka yi haya. Duk wurin wasa akwai shagunan haya a gindin dutse, Palandöken da ke Erzurum ɗin da zai je babban wuri ne, garin ma ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011, ba za a rasa allon haya ba. Kwana uku na farko ba wasa kake ba, faɗuwa kake, gwiwa da ɗuwawu da wuyan hannu duk za su gaya maka, kuma mutane da yawa daga nan suke cewa sun yafe. In ka wuce kwana biyar kana marmarin komawa, to sai mu yi maganar saye.

Kuma ko ka tashi sayen, takalmi ne farko, ba allo ba. A nan ne na fara ƙonewa. Ina sa lamba 45 a takalmin gida, kuma irin namu na Zariya mun saba da silifas da sandal, ƙafa a sake tana shan iska, sai na je na ɗauki but mai faɗi wai don in sa safa biyu saboda sanyi. Wallahi kuskure ne babba. Duddugena yana ɗagawa a ciki duk lokacin da na danna yatsu zan juya, allon ba ya jin umarni sai bayan na riga na wuce inda nake so, ga yatsun suna ta buga gaban takalmin, kafin ƙarshen wata farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin daga baya ya fita gaba ɗaya. But ɗin sinobod da santimita ake auna shi, suna ce masa mondo, ka taka takarda ka zana ƙafarka daga dudduge zuwa yatsa mafi tsawo, abin da ka samu shi ne lambarka. Ya kamata in ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, dudduge kuma ya zauna daram. Zai matse ka ranar farko, bayan 'yan kwanaki cikin yana buɗewa. Safa ɗaya tak, doguwa, ba ta auduga ba.

Wajen ɗauri akwai iri uku. Akwai igiya ta gargajiya, akwai BOA mai ɗan maɓalli da kake murɗawa waya ta ƙarfe ta matse, akwai mai igiyar da ake ja a maƙale. BOA akwai sauƙi, da safar hannu ma kana murɗa shi, amma ni igiya nake so, don in ta tsinke a kan dutse ko igiyar wani takalmi ka samu ka ɗaura ka ci gaba, kuma kana iya matse idon sawu ka sassauta sama yadda ƙafarka take so. Na ukun ban ga abin da ya fi sauran da shi ba.

To allon kansa. In ka kwantar da allo a ƙasa ka duba shi ta gefe za ka ga siffarsa. Wani tsakiyarsa a ɗage take kamar baka, gaba da baya ne ke taɓa ƙasa, wannan shi ne kamba. Wani kuma tsakiyar ce a ƙasa, kai da wutsiya sun ɗaga kamar ayaba, shi ake ce wa roka, ba rokar zuwa sama ba. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai kuma wanda aka haɗa biyun. Kamba yana riƙe ƙanƙara da kyau kuma yana da ƙarfi a gudu, amma ba ya yafiya, kuskure kaɗan bakinsa ya cije dusar ƙanƙara ya maka ka da ƙasa ta ƙeya ko ta fuska ba sallama. Roka yana yafe wa ɗan koyo, sai dai a wuri mai tauri yakan yi ta yawo ƙarƙashinka kamar tayar da ta sha iska.

Ni nawa, kuma ba zan ɓoye ba, Lib Tech Skate Banana ne. Kamfanin Mervin ne ke yinsa a jihar Washington ta Amurka, su ne kuma masu GNU. Tsakanin ƙafafu roka ne, saboda haka juyawa ba wahala, ba ya yawan cizon dusa, amma abin da ya sa na maƙale masa shi ne bakinsa. Yawancin alluna bakin ƙarfensu lanƙwasa ɗaya ce santal daga kai zuwa wutsiya, shi kuwa nasa yana da 'yan tudu-tudu guda bakwai kowane gefe, kamar ka kalli gefen kwanon rufi amma a hankali, sai ka kanne ido ka bi shi da kallo za ka gani, suna kiran abin Magne-Traction. Amfaninsa sai ranar da iska ta share dusar sama ta bar maka ƙasa mai tauri tana ƙyalli, wanda a Erciyes ba baƙon abu ba ne don dutsen a buɗe yake kusan ba bishiya, iska tana yin yadda ta ga dama. A irin ranar nan abokaina masu allon haya suna ta zamewa a gefe suna ƙarar kankare tukunya, ni kuwa ina jin bakin yana kamawa wuri-wuri. Ba shi da tauri sosai, ɗan koyo zai iya lanƙwasa shi, gaba da bayansa iri ɗaya ne to in ka fara koyon tafiya da ɗayar ƙafar ba sai ka canza komai ba. Aibinsa ɗaya da na sani, in ka sake shi da gudu sosai a miƙe yakan ɗan yi rawa, amma mu da muka fara ganin dusar ƙanƙara da gemu ina ruwanmu da wannan gudun. Hunturu biyu na yi da shi, da zan dawo na sayar wa wani ɗan Sudan, har yau in na tuna sai in ji kamar na sayar da akuyar da na yi kiwo.

Burton Custom kowa zai ce maka shi, kamfanin tun 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa shi a Vermont, allo ne mai kyau ba musu, amma mai kamba ɗin ba na ɗan koyo ba ne kuma kuɗinsa ba na ɗalibi ba. Allunan kamfanin Jones na masu hawa bayan dutse ne cikin dusa mai zurfi, ba can za ka ba. Capita akwai ado. Salomon da Nitro da K2 duk suna da na masu farawa, ba yabo ba fallasa. In aljihu ya yi ƙasa ka shiga shagon kayan wasanni na Decathlon ka ɗauki nasu, zai kai ka ya dawo da kai.

Tsawon allo da nauyinka ake zaɓa, kowane kamfani yana da jadawalin kilo, ka bar maganar nan ta a jingina shi a ga ko ya kai haɓa. Mu masu manyan ƙafa kuma, daga 44 zuwa sama, ka nemi mai faɗi wanda aka sa wa W bayan lambar, ƙugunsa wajen santimita 26 ko fiye, in ba haka ba yatsunka za su leƙo waje su riƙa jan dusa in ka kwanta a kwana. Maɗaurin ƙafa kuwa, wato abin da ke riƙe takalmi a kan allo, ka ɗauki mai maɗauri biyu na kowa da kowa, Union suna yin masu ƙarko. Step On na Burton da ake takawa kawai ya kama yana da daɗi amma sai da takalmin da aka yi dominsa, ka ga an ɗaure ka ke nan. Ka kuma duba, allunan Burton layi ne da su a tsakiya maimakon ramukan kusa, to ka tabbatar faifan maɗaurinka yana shiga kafin ka biya.

Yanzu ga maganar da ta fi ci min rai. Kafin ayabar nan tawa, wato Skate Banana, na sayi wani allo na hannu a intanet, hoto tsaf, farashi rabin na shago, mutumin ya ce sau uku kawai aka hau, wai zai bar ƙasar ne. Muka haɗu a tashar bas da magariba, sanyi na yanka kunne, yana ta duba agogo wai motarsa za ta tashi, na juya allon sau ɗaya na ga yana sheƙi na miƙa masa kuɗin abincina na wata biyu. Akwai wata babbar sitika kusa da wutsiya, na ɗauka ado ce. Hawa na biyu sitikar ta ɓare, ashe a ƙarƙashinta allon ya tsage an cika da gam, ruwa ya riga ya shiga katakon ciki, kafin sati biyu saman ya fara rabuwa da ƙasan kamar bangon tsohon littafi. Na kai wa mai gyara ya danna wurin da babban yatsa ya girgiza kai kawai. Lambar mutumin kuwa tun daren ta daina shiga.

Saboda haka in za ka sayi na hannu, da rana, a wuri mai haske, kuma kar ka yarda da mai sauri. Duk sitika a ɓare ta a gabanka, in ya ƙi ka juya ka tafi. Ka bi bakin ƙarfen da farce daga farko har ƙarshe, tsatsa sama-sama ba komai ana gogewa, amma in ya tsage ko ya rabu da jikin allon ko da kaɗan ne, ka bari. Ka kafa wutsiya a ƙasa ka danna tsakiya da hannu ka saurara, in ka ji ƙas-ƙas a ciki ya mutu. Ka sa a cire maɗaurin ka ga abin da ke ƙarƙashinsa, nan ne suke ɓoye karaya, ka kuma ɗaura kusa a kowane rami ka ga tana kamawa ko juyawa kawai take. Ƙasan allon in an cike ƙananan karce ba laifi, amma faci babba a jikin bakin ƙarfe alamar ya daki dutse ne. Akwai masu sayen tsofaffin allunan haya da suka gama aiki su shafa musu kakin zuma su yi ƙyalli su ce na gida ne, ka duba ko akwai lamba da aka kankare ko inuwar tambarin shago. Kuma kar ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami don ya "ajiye maka", hotunan ma sau da yawa na wani ne suka sato, ka ce ya ɗauki sabo da takarda mai kwanan watan yau a kan allon, nan take za ka ga an yi shiru.

Jabu bai tsaya a allo ba. Tabarau na bogi ya fi komai haɗari, domin sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido, gilashin da aka yi wa baƙin fenti kawai sai ya sa ƙwayar idonka ta buɗe hasken ya ƙara shiga, da daddare ka ji kamar an zuba maka yashi. Hular kwano sabuwa za ka saya, ka leƙa ciki ka ga lambar tabbatar da inganci, EN 1077 ko ASTM F2040, ta hannu ba ka san sau nawa ta bugu ba, kuma don Allah kar ka ɗauki ta 'yan acaɓa ka sa a jaka. Ka haɗa da abin kare wuyan hannu, shi ne wurin da 'yan koyo suka fi karyewa saboda kowa da tafi yake tare ƙasa.

Ɗan kawun nawa ya ce to jaket fa, ai ya ga masu kauri a gwanjon Sabon Gari. Na ce ana samun na kirki, ni ma tawa ta farko daga can take, amma kauri ba shi ne magana ba, ruwa ne, don ɗan koyo rabin yininsa a zaune yake cikin dusa. Ka juya rigar ciki-waje ka duba ɗinkin, ta gaske za ka ga an bi kowane ɗinki da siririn tef an manne, in zare ne tsirara to alamar Gore-Tex ɗin da ke hannun rigar, wadda ke nuna ruwa ba ya ratsa ta, wani tela ne ya ɗinka ta. Ka tafi da fiya wata ɗaya ka ɗiga a kafaɗa, in ruwan ya dunƙule ya gangara ka yi ciniki, in ya nutse ka mayar masa. Mai gwanjon zai harare ka, ka ce masa Alhaji haƙuri, inda za ni ba hunturun Zariya ba ne. Wandon ma haka za ka gwada shi, musamman ta baya.